Tsallake Biyu, Shiga na Uku

Da gari ya waye aka tarar da ƙofar siton ofishin nazarin ruwa a wangale, kwaɗon yana reto a jikin ƙarfen da aka ɓamɓaro daga katako. Bokitan tace ruwa guda tara sun yi ɓatan dabo. Kafin rana ta yi zafi 'yan unguwar tudu sun gama shari'arsu: Mai Walda ne. Suka je har rumfarsa suka jawo shi, suka zaunar da shi a gindin katangar ofis, hannuwansa ɗaure da igiyar shanya, leɓensa a fashe.

Zargin ba daga sama ya faɗo ba. Shekara guda ke nan da Farfesa ya zo daga jami'a da kuɗin wasu masu ba da tallafi, wai yana so ya gane ko bokitin nan yana rage gudawar yara da gaske, kafin a zuba dukiya a raba shi ko'ina. Aka yi ƙuri'a a bainar jama'a, ta faɗa wa unguwar tudu, kowane gida ya samu nasa. Su kuwa 'yan gangare aka ce su yi haƙuri wata goma sha takwas, su ne abin gwadawa. Kowane mako a zo a ɗora 'ya'yansu a sikeli, a tambayi wa ya yi zawo, a rubuta, a tafi. Farfesa yana da dogon bayani a kan dalilin haka, kuma bayanin nasa ba ƙarya ba ne. To amma mako biyu da suka wuce, a can gangare, 'yar Mai Walda mai shekara uku ta kwanta ranar Litinin, ranar Laraba aka kai ta. Daga maƙabarta ya zarce ƙofar ofis, ya rantse a gaban kowa sai ya karya siton nan.

Shugaban kwamitin ruwa ne ya aika a kira Baba Mai Sawu. Tsoho ne siriri, marar fara'a, ya yi shekara arba'in yana bin sawun dabbobin sata da masu sace su. Ya iso da sandarsa, ya kalli Mai Walda a ƙasa, ya kalli taron.

"Wa ya fasa masa baki?"

Shugaba ya yi gyaran murya ya ce an riga an sanar da 'yan sanda, motarsu za ta zo da la'asar. In an samu wani kafin nan, to. In ba a samu ba, da wannan za su tafi.

"Sannu da zuwa, Baba."

Autarsa ce, sanye da shuɗiyar rigar aiki. Ita ce 'yar da ya sayar da gonarsa ɗaya ya kai makaranta, yanzu tana cikin masu tattara bayanai na Farfesa, tana kwana a ɗakunan ma'aikata da ke bayan ofis. Ya amsa mata da kai kawai. Shi a wurin aiki ba ya da 'ya.

*

Bakin siton kuwa jama'a sun tattake shi kamar an ci kasuwa. Baba ya ja tsaki.

"Ku matsa, don Allah! An kira ni in karanta, kun zo kun goge allon da ƙafafunku."

Ruwan sama ya kwana yana zuba, sai gab da asuba ya ɗauke, saboda haka duk abin da ya taka ƙasa bayan nan ya bar shaida. A gefen bango, inda 'yan kallo ba su kai ba, ya tsugunna. Tayar baro ce ta roba, ta nutse sosai da nauyi, a bayanta sawun takalmin ruwa, irin dogon nan. Ya bi shi taku ashirin har ya hau kwalta. A nan ya ɓace.

Ya dawo ya danna katakon ƙofar da babban yatsa, ya ruɓe har yana marmashewa da kansa. Wannan ko yaro ya samu guntun ƙarfe ya ɓamɓare shi, ba sai maƙeri ba.

"Takalmin wa ke nan?" ya tambayi Mai Gadi.

"Na ofis ne, Baba. Kowa yana da shi."

Ashe masu tallafin ne suka aiko da takalma ƙafa goma sha biyu, duk lamba ɗaya, zungura-zungura. Babba da yaro, mace da namiji, kowa ya cusa tsumma ya saka. Baba ya girgiza kai. Takalmin da ya fi ƙafa girma ba ya faɗin gaskiya, ga shi kuma mai turin baro ba da tafiyarsa yake tafiya ba, da ta baron yake yi.

"Kana ina aka karya?"

"Ina nan, wallahi."

"Rigarka a bushe take, kuma rumfar gadin nan yoyo take yi. Sake faɗa."

Mai Gadi ya sunkuyar da kai. Ya ce da ruwan ya tsananta ya ruga gida ya tara kwanuka a ƙarƙashin rufinsa, barci ya kwashe shi. Da aka matsa masa a kan takalma, sai ga wata ta fito: ya saci ƙafa biyu tun watan jiya ya sayar. Ɗaya ga wani mai kifi da ya bar gari.

"Ɗayan fa?"

Mai Gadi ya kalli gindin katanga.

Nan take taron ya ɗauki ihu. Wani ya ɗaga dutse. Baba ya miƙe ya gitta sandarsa a gabansu, ya ce duk wanda ya taɓa mutumin nan kafin la'asar, sawunsa zai bi har ɗakin uwarsa.

*

Ya tsugunna kusa da Mai Walda, ya ba shi ruwa a baki don hannuwan a ɗaure suke.

"Ka sayi takalmin?"

"Na saya. Tartsatsin wuta yana cin ƙafata."

"Ka karya ƙofar?"

Mai Walda ya yi wata dariya marar daɗin ji. "Baba, da ni ne ai da ba tara zan ɗauka ba. Da na kwashe siton kaf, in cinna wa takardunsu wuta. Jiya ban runtsa ba, ƙanin marigayiyar nake riƙe da shi, shi ma cikin ya fara. Uwarsa ce shaidata, amma wa zai ji ta bakin matar ɓarawo?" Sannan ya ce a hankali, "In suka tafi da ni, babu mai kai shi asibiti."

Baba ya je rumfar walda. Baron da ke can tayar ƙarfe ce da shi, wadda mai shi ya ƙera da hannunsa, ba ta da alaƙa da sawun da ya gani. Ya dawo ya faɗa. Shugaba ya taɓe baki ya ce ai baro aro ake yi.

Sai a bayan ofis, kusa da tankin ruwa, ya ga baron ofis ɗin kansa an kifa shi a jikin bango. Tayar roba. An wanke shi tas, har cikin tsagin tayar. Ya daɗe yana kallonsa. A shekarunsa bai taɓa ganin ɓarawon waje da ya dawo da kayan aiki ya wanke ya ajiye ba. Zuciyarsa ta koma kan Mai Gadi, ta leƙa Direban ofis, wanda aka ce yana da ɗan'uwa mai shago a kasuwa. Ya tura aka duba shagon. Ko murfin bokiti babu.

*

Farfesa ya kira shi ciki. Ɗaki ne ƙarami, fanka na juyawa, taswirar unguwannin biyu a bango an caccaka mata allurai masu launi. Mutumin ya rame, idonsa ya yi ja. Ba mugu ba ne, wannan kam ko maƙiyinsa zai faɗa.

"Baba, ni bokitan ba su dame ni ba. In kasuwa aka kai su, asarar kaɗan ce. Abin da nake tsoro kada a ce gangare suka shiga."

"In sun shiga fa? Ba don su aka kawo ba?"

"Don su ne, amma nan da wata shida. In yaran gangare suka fara shan ruwa mai tsabta yanzu, da wa zan gwada na tudu? Aikin shekara guda ya rushe. Masu tallafi ba za su saki kuɗin zagaye na biyu ba sai sun ga sakamako, kuma a zagaye na biyu gida dubu arba'in ne. Dubu arba'in, Baba."

"Ita 'yar Mai Walda tana cikin lissafin?"

Farfesa ya cire tabarau ya murza ido. Da Baba ya tashi zai fita, sai Farfesa ya ɗaga wata takarda daga kan tebur, kamar mai neman abin da zai wanke bakinsa da shi.

"Ka ga wannan? Ta 'yarka ce. Na nema mata gurbin ƙaro karatu, kyauta, sa hannuna kawai ya rage. Ban taɓa samun ma'aikaciya irinta ba. Ba ta taɓa ƙetare ƙa'ida ko sau ɗaya ba."

Baba ya ji sanyi har ƙasan ransa, amma fuskarsa ba ta nuna ba. Ya ce Allah ya saka da alheri, ya fita.

*

Tunda kwalta ta haɗiye sawun, sai ya bi gefenta yana duba duk inda hanyar ƙasa ta rabu da ita. Ta kasuwa babu. Ta tasha babu. Rana ta take tsaka lokacin da ya kai inda kwaltar ta ƙare, a kan gangaren, kusa da rijiyar da unguwar ke sha. Ga tayar nan ta sauka cikin laka, ga takalmin a bayanta.

Layi ne guda dogo, gidaje hagu da dama, kwata na bin tsakiya. Matan da ke bakin rijiya suna ganinsa suka tattara kayansu. Ya yi sallama a gida biyu, aka amsa daga ciki, aka ce masu gidan ba sa nan. Bai ji haushi ba. Dama shi ba bakin mutane yake tambaya ba.

Sawun ya bi hannun hagu. Ya wuce ƙofar farko, ya wuce ta biyu. A ta uku baron ya tsaya, ƙafafunsa biyu na baya sun huda ƙasa, takalmin ya shiga zaure ya fito. Aka ci gaba. Ƙofa ta huɗu, ta biyar, ko waiwaye babu. Ta shida aka tsaya. Ta tara aka tsaya. Kuma kowace tsayawa tayar tana rage nutsewa, har a ƙofa ta ashirin da bakwai ta zama kamar an ja zare a kan lakar. Daga nan baron ya juya fayau.

Tara. Ba sayarwa aka yi ba, rabawa aka yi. Amma wane irin rabo ne wannan? Ba dangi aka bi ba, don ya san gidajen, ba su haɗa komai ba. Ba talauci aka bi ba, don an tsallake gidan da ko ƙyaure babu. Ya koma farkon layin ya sake ƙirgawa, ya samu daidai.

Wata tsohuwa na zaune a dakalin ƙofa ta biyar tana tsince ƙasa daga hatsi a faranti. Ita ba ta gudu ba, ƙafar gudun ma babu.

"Ƙirga da kyau, Mai Sawu," ta ce. "Mu dai a tsallake muke. Ko ɓarawo ya zo rabon alheri sai ya tsallake mu."

"Kin ga wanda ya zo?"

"Ni da ba na ganin tafin hannuna? Ƙarar baro na ji ta wuce. Na ce oho, an saba. Masu sikelin nan ma haka suke yi mana duk mako, su fara daga rijiya, su tsallake biyu su shiga na uku. Na taɓa tare su na ce ga jikana shi ma a auna shi, suka ce wai ba ya cikin tsari."

Baba ya juyo gare ta sosai.

"Su nawa ne masu zuwa?"

"Biyu. Dogon yaron nan yana bin wancan hannun. Namu hannun kuwa yarinyar nan ce mai ladabi, mai tsugunnawa ta gaishe ni. Af, ba ma taka ba ce? An ce taka ce."

Bai san lokacin da ya zauna a dakalin ba. Tsohuwar ta ci gaba da surutunta, shi ko kalma bai ji ba. Yau da safe yarinyar nan ta tsaya a gabansa ta gaishe shi, shi mai gane akuyar da ta yi ɗingishi kwana uku da suka wuce, bai ko kalli idonta ba.

Ya dubi layin. Rana ta fara busar da lakar, yara sun fito, ga masu kura suna gangarowa ɗibar ruwa. Nan da awa biyu babu sauran sawu. In ya koma ya ce ya ɓace masa a kwalta, wa zai ƙaryata shi? Matan nan ko za a yanka su ba za su yi magana ba. Farfesa zai sa hannu a takardar karatun Auta. Mota ta zo ta ɗauki mutumin da dama ya rantse a gaban shaidu, ga takalmi a rumfarsa. Abin duk zai tafi sumul.

Daga ƙofa ta takwas, wadda aka tsallake, kukan yaro yake fitowa, siriri, irin na wanda ƙarfinsa ya ƙare. Baba ya san gidan. Ya dafa sandarsa ya miƙe, tsufan da bai taɓa ji ba ya sauko masa gaba ɗaya.

*

Motar 'yan sanda ta riga shi isowa. Ya ce a shigo da kowa ɗakin Farfesa: Shugaba, Mai Gadi, Direba, Dogo mai tattara bayanai, Auta, da Mai Walda da igiyarsa. Kofur ɗin da aka turo ya jingina da ƙofa yana duba agogo.

Baba bai zauna ba.

"Mai Gadi ɓarawon takalmi ne, kuma malalaci, amma ba shi ba ne. Direba ba shi ba ne. Wannan da kuka fasa wa baki," ya nuna Mai Walda, "bai taka ƙofar siton nan ba. Da baron ofis aka yi aikin, aka dawo da shi aka wanke."

"To ina kayan?" in ji Shugaba.

"Suna gangare."

Farfesa ya dafe kai da hannu biyu.

"Yallaɓai, ina da tambaya. Yaya kuke zaɓen gidajen da kuke auna yara?"

"Daga rijiya ake farawa," Farfesa ya ce, muryarsa a dushe. "A tsallake gida biyu, a shiga na uku, don kada son rai ya shiga zaɓen. Me ya kawo..." Sai ya tsaya. Ya juya ya kalli taswirar bango.

"Ƙofa tara baron ya tsaya," in ji Baba. "Ta uku, ta shida, ta tara, har ta ashirin da bakwai. Duk a hannun hagu."

"Ni dama nake bi!" Dogo ya yi zumbur ya miƙe. "Kowa ya sani, wallahi dama nake bi!"

Babu wanda ya kalle shi. Baba ya buɗe baki zai ƙarasa, sai ya rufe. Ya sake gwadawa.

"Bari, Baba. Kada ka wahalar da kanka." Auta ta tashi tsaye. "Ni ce."

"Ke?" Farfesa ya ce. "Ke da kika fi kowa sanin abin da wannan zai jawo?"

"Na sani, Yallaɓai. Mako hamsin da ɗaya ina ɗora su a sikeli. Na san nauyin kowane ɗaya da ka. Na gida na goma sha biyu ya sauka sau huɗu a jere, uwarsa ta riƙe mini riga ta ce in taimaka, na ce mata ni rubutu kawai aka aiko ni. Su dubu arba'in ɗin nan ban taɓa ganinsu ba. Waɗannan kuwa ni nake ɗaukarsu suna yi mini fitsari a jiki." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Da na ga an ɗaure Mai Walda a gabana an ce ɓarawo, ya kamata tun safe in yi magana. Tsoro ne ya kama ni. Na ce ko Baba ba zai gano ba."

Farfesa ya jawo takardar nan daga kan tebur, ya dube ta, ya buɗe aljihun tebur ya saka ta ya rufe. Ya ce dole ya sanar da masu tallafi yau, kuma abin da za su yanke ba a hannunsa yake ba. Kofur ya ce tunda an shigar da ƙara, sai Auta ta biyo shi ta yi bayani a can.

Baba ne da kansa ya tsugunna ya kwance igiyar. Yatsunsa suka ƙi, sai da ya sa haƙori. Mai Walda ya tashi yana murza wuyan hannunsa. Babu wanda ya ba shi haƙuri, Shugaba ma bango yake kallo. Ya nufi ƙofa, har ya kai, sai ya juyo ya tsaya a gaban Auta.

"Ƙanwata, ba faɗa zan yi ba. Allah ya ga zuciyarki. Abu ɗaya nake so in ji." Ya ƙara matsowa kusa da ita. "Ai hannun hagu nake. Kin wuce ta ƙofata da baro cike, yarona yana ciki yana zawo. Me ya sa ba ki tsaya ba?"

Auta ta buɗe ido sosai, kamar yanzu ne ta fara ganin layin.

"Wallahi saboda 'yarka na yi," ta ce. "Tun ranar da aka kai ta ban yi barci ba. Saboda ita na..."

"Na ji. Me ya sa ba ki tsaya ba?"

Ta kalli ubanta. Baba Mai Sawu ya sunkuyar da kai, don wannan sawun ba shi da abin da zai ƙara a kansa.

"Gidanka na takwas ne," ta ce.

Mai Walda ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu. Ya goge jinin leɓensa da bayan hannu, ya raɓa ta gefen Kofur ya fita, ya kama hanyar gangare da sauri.